Abin da Nives Ta Ce Tana Ninke Riguna

Ni na san faɗin kafaɗarta
tun jarida ba ta san sunanta ba.
Shekara talatin da huɗu ina bayan labule,
allura a leɓe, almakashi a ƙugu,
muryarta na bin katakon dandali
tana shigo mini ta tafin ƙafa.

Clelia Zanirato, 'yar Adria,
inda kogin Po kan shiga gida ba sallama.
Uba a kamfanin sukari,
uwa mai wankau, hannu duk faso.
A benen coci aka fara jin ta.
Fada ya ɗaga kai: wane yaro ne wannan?
Aka ce masa, ai 'yar mai wanki ce.

A Padova, tsoho Ottorino ya taɓa fiyano,
ya saurara, ya rufe murfin.
Ya ce, ke ba tsuntsuwar kan reshe ba ce,
ba kuma gindin rijiya ba.
Muryarki a tsakiya take,
nan inda hayaƙi ke tsayawa a ɗaki.
Ba ke za a mutu dominki ba.
Uwa za a ba ki, da mayya, da mai riƙe fitila.
Ta ce, a ba ni.

Tana 'yar ashirin da uku
na zana mata tamoji da gawayi,
na ɗora mata furfurar aro,
ta fita ta kira ƙaton ɗan hamsin "ɗana",
kuma wallahi ya koma ɗanta.

Parma. Masu tikitin araha, can sama kusa da rufi,
waɗanda ba su san yafiya ba.
Sun kori wani da fito a daren jiya.
Da ta buɗe baki sai suka yi tsit,
tsit ɗin da ya sa na soke yatsana ban ji ba.
Sannan suka dinga dukan bene da takalmi
har ƙura ta zubo wa masu goge.

Palermo, zafi ya narkar da ƙaron gashi.
Trieste, iska ta tafi da hularta cikin teku.
Kwana goma sha takwas a jirgin ruwa zuwa Buenos Aires,
tana amai, tana maimaita baiti.
Ermete mai kantin magani ya jira ta shekara shida,
sannan ya auri mai zama.
Ta karanta wasiƙar, ta ce, matse mini ƙugun nan.

Sai da ta kai arba'in da shida
suka ba ta wando da takobi,
wai saurayi ne da so ya kama.
Na ɗaure mata ƙirji da ƙyalle har ta zage ni.
Duniya kenan, a baibai take sa riga:
tsufa da ƙuruciya, ƙuruciya da tsufa.

Genova, daren Laraba, ana ruwa.
Ta hau sama, abin ya tsage.
Kaɗan ne. Rabin zauren bai lura ba.
Ni na san wannan ƙarar.
Haka siliki yake yi in ya tsufa,
kuma ba ya karɓar faci.

Ta ƙarasa. Ta rusuna. Ta dawo gaban madubi.
Na ɗauko auduga in goge mata tamojin.
Ta riƙe hannuna.
Bari, Nives. Yau ba ki zana komai ba.

Yanzu ɗaki biyu gare ta a saman gidan burodi.
'Yan mata kan zo ranar Talata,
ta ɗora musu hannu a ciki: daga nan, ba daga wuya ba.
In tana tuƙa tuwon masara
takan manta ta saki ƙasan muryar,
cokula su yi rawa a cikin kwano.

Rigunan nan gidan tarihi za su.
A aljihun wandon saurayin
na sami ɓawon lemo, ya bushe ƙamas.
Shi ban sa a lissafi ba.